Malama Fanko mai raba maganin ƙarin jini

Shekararta ashirin da uku a bakin taga ɗaya, a ƙaramin asibitin da nake shara. Da rubuta kati ta fara, da mai raba magani ta yi ritaya aka ɗora ta a kujerar don babu kowa. Daga ranar ta sayi tabarau, ta daina amsa gaisuwar masu tsintsiya.

Aikinta bai taka kara ya karya ba. Duk mai cikin da ta zo awo, za ta miƙa mata 'yar roba mai ƙwayoyi jajaye guda talatin, maganin ƙarin jini. Amma ita a ganinta likitoci ma a bayanta suke, domin ta ƙirƙiro dabara: ba za ta ba ki sabuwa ba sai kin dawo da tsohuwar robar babu ko ƙwaya ɗaya a ciki. "Ina fankon?" shi ne sallamarta, har ya zame mata suna. Idan manya suka zo duba aiki, sai ta jera musu fankunan a tebur tana hura hanci, wai matan da ke hannunta ba sa tsallake magani.

Ni kuwa na san inda maganin yake zuwa. Duk ranar awo, kwatar bayan katanga ja take yi. Mata su tsaya su juye robar, su kakkaɓe zani, su shigo a yaba musu. Na share na yi shiru, don bakin da ya ci shi ke godiya, kuma aikin nan da shi nake ci da marayuna.

Sai autarmu ta samu cikin fari. Sati biyu da fara shan maganin ta same ni a bayan ɗakin allura, ido ya raina fata.

"Yaya, abin nan tayar mini da zuciya yake yi. Kuma bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Ko jini ne ke zuba a cikina?"

Na ce ban sani ba, ta tambayi Malama. Ina goge benci ta isa tagar, ta rage murya ta faɗa.

"Ke! Nan ya yi miki kama da masai?" in ji Malama Fanko, yadda duk layin zai ji. "Ki sha ko ki bari, cikinki ne. Ni dai ki kawo mini fanko."

Mata suka kwashe da dariya. Daga baya wata nas ta gaya mini cewa baƙin bayan gida ba komai ba ne, aikin maganin ne, tashin zuciyar kuma yakan lafa idan an sha bayan cin abinci. Magana biyu ke nan. Shekara ashirin da uku matar nan tana zaune a kan magana biyu, ko ba ta sani ba ko ƙyashi take yi, oho. Na kai wa Auta labari, ta ce to. Ashe tsoro ya riga ya shige ta, ni ma fanko take nuna mini. Tafin hannunta ya yi fari, hawa matakala uku sai ta tsaya tana haki, ni da wautata ina cewa nauyin ciki ne. Wannan laifin nawa ne, kuma ba na yafe wa kaina.

Naƙuda ta zo mata da sauran sati uku. Ta haihu lafiya, jini ya ɓalle, aka garzaya da ita babban asibiti. Likitan ya ja fatar idonta ya duba, ya ce wanda ta zubar ba shi da yawa, dama can babu ne a jikin. Kafin a gwada nawa a ɗaura mata, rai ya yi halinsa.

Ranar da na koma aiki Malama ta ƙwanƙwasa gilashin taga da biro.

"Ke mai shara, ƙanwar nan taki ta tsallake ranar awo. Ki gaya mata ba na son sakarci."

Na ce, "Malama, yau kwana tara da binne ta."

Ta ce Allah ya jiƙanta. Ta buɗe aljihun tebur ta lalubo rula, ta ɗora a kan katin Auta, ta soke shi a hankali don kada layin ya karkace. Sannan ta kira ta gaba.