Ƙwan ƙofar gidanmu ya yaudari layi

Ina tsaka da wanke-wanke jiya da rana sai ga maƙwabciyata Maman Rifkatu ta faɗo, ko sallamar kirki babu.

"Maman Khalil, wace irin wuta aka kawo muku ku kaɗai duk unguwar Gyadi-Gyadi?"

Ashe ƙwan ƙofar gidanmu ta hango a kunne, kuma ba ta ji ƙarar janareta ba, sai ta kashe nata tana jiran wutar ta iso. Ga kunun ayar sayarwa cike da firiza, ga zafin nan.

Na ja ta bayan gida na nuna mata akwatin da maigidana, malamin injiniya, ya kawo gwaji. Iskar gas yake sha, wasu farantan tangaran masu zafin gaske a cikinsa su mai da ita lantarki. Ba inji, ba ƙara.

Ta kasa kunne, ta ɗago. "To ku ɗaura masa ƙararrawa! Gida huɗu na gaya wa an kawo wuta."

Kunun dai a firizarmu ya wuni, ƙwan kuwa na kwance shi.

Ashe ƙwan nan na layi ne, ba namu ba. Ku ƙofar wa kuke leƙawa ku san an kawo wuta?