Malam Tasi'u da Randar Allura

Duk safiya, kafin ya buɗe ɗakin shan magani na Dugabau, Malam Tasi'u sai ya fara zagayawa baya da bokitin ruwa. A can ƙarƙashin darbejiya akwai randa biyu, ƙarama a cikin babba, da yashi a tsakaninsu. Zai jiƙa yashin, ya jiƙa buhun da ya rufa a kai, sannan ya zo ya amsa gaisuwar masu jira. Mutanen gari sun daɗe suna tsokanarsa, wai randa yake fara gaisarwa kafin dagaci.

Rashi ne ya kawo randar. A shekarun tsuke bakin aljihu firjin kananzir na ɗakin ya mutu, ba a sake aiko da wani ba. Allurar ciwon suga kuwa ba ta shiri da zafi, in bazara ta dafa ta, ta tashi daga aiki. Ga kuma Turai, matar wani manomi, wadda in ba allurar nan ba rai. Wanta ke sayo mata daga Kano wata-wata, Malam Tasi'u ya adana a sanyin randa, ta zo kullum ya yi mata.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, wani ya raɗa wa wasu samari masu zafin kishin addini cewa malamin asibiti yana ɓoye kwalabe a randa. Suka zo da hantsi, Ya'u ne a gaba, riƙe da taɓarya. Malam Tasi'u ya tsaya tsakaninsu da randar.

"Malam, ka matsa. An ce kayan maye ne," in ji Ya'u.

"Ku buɗe ku duba, ban hana ba, amma a inuwa. In ka fasa randar nan, Ya'u, Turai ba ta da wata allura sai ƙarshen wata, kuma ba za ta kai ba."

Ya'u ya ɗaga buhun, ya ga 'yan kwalabe da ba su kai ɗan yatsa ba, kowace da sunan Turai da ajami. Waɗanda ke wurin sun ce Malam Tasi'u bai zage shi ba, bai kai ƙara ba. Bokiti ya miƙa masa, ya ce tunda ya zo, ya jiƙa yashin, ya fara bushewa.

Kai ne, Malam, ka gane cewa adana magani shi ma magani ne. Ba ka da farar riga, ba a taɓa kiranka zuwa garin Gwarzo ko Kabo a yaba maka ba. Ranar sallah ma, kafin ka tafi idi sai ka jiƙa yashin nan.

Watan jiya ka ajiye aiki, an kuma kawo firji mai amfani da hasken rana. A wajen addu'ar sallama Turai ta zo tana dogara sanda, ta roƙi a ba ta tsohuwar randar. Aka tambaye ta me za ta yi da ita.

"Ajiye ta zan yi jikokina su gani," ta ce. "Da ya bar ta ta bushe, da ba su san ni ba."

Mun gode, Malam Tasi'u, Allah ya saka maka da alheri. Duk wanda aka damƙa wa amanar rai, ko yaya kayan aikinsa suke, ya tashi da safe ya jiƙa yashinsa.