Injin da Malam Sule Ya Sayo Daga Damagaram

Har yau ban manta da ranar da na ga Malam Sule a kasuwar Ɗambatta, riƙe da igiya biyu babu shanu a jikinsu ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kun sha jin ina cewa ku riƙa yawo da ma'auni a aljihu, kuna dariya wai tsoho ya fara rikicewa. To ga inda abin ya samo asali.

A lokacin ni malamin gona ne mai kula da rukunin ƙauyuka a gabashin Ɗambatta. Ga wanda bai san tsarin ba, kowane malami yana da ƙauyukansa, yana zagaya su a kan babur, duk bayan mako biyu kuma mu hallara gaban shugaban shiyya mu faɗi abin da muka gani, shi ma ya faɗa mana abin da za mu kai wa manoma. Yawanci dai abin da muke kai musu haƙuri ne.

A ɗaya daga cikin ƙauyukan nan Malam Sule yake, shi ne mai huɗar garin. Shanunsa biyu, Goje da Fari. Gonakin wajen ƙanana ne, a manne da juna, ba kowa ke iya riƙe shanun huɗa ba, saboda haka suna da wata al'ada tun kakanni. Da rani kowane gida zai kai wa Malam Sule harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da kara, a ciyar da shanun. Idan damina ta faɗi, duk wanda shanun suka ci harawarsa yana da layi, za a zo a tayar masa da kunya a tsakanin shukarsa ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wato a suna shanun na Malam Sule ne, amma kowa a garin yana jin da rabonsa a cikinsu.

Shekarar da nake ba ku labari, gwiwa ta fara damunsa. Wata rana da bazara ya tare ni a gindin gawo ya ce, "Malam, ƙafar nan ta fara ƙi. Ina son injin huɗar nan da ake bi a baya a ƙasa. Na je Kano na taya, kuɗin ya fi ƙarfina. Amma wani ɗan'uwana da ke kai kaya Damagaram ya ce a can sabo fil bai kai haka ba, ko an yi canjin sefa an biya kwastan, da saura."

Na ce masa ya dakata in tambaya a ofis, domin ana ta maganar za a kawo irinsu a kan rangwame. A taronmu na gaba na tayar da zancen. Shugaban shiyya ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Habu, bana dai babu. Ka ce masa baɗi, in Allah ya kai mu." Na ce, "Ranka ya daɗe, bara ma haka muka ce masa." Ya ce, "To ka ga ke nan ba mu canja magana ba." Aka yi dariya aka wuce batun taki.

Na kai wa Malam Sule saƙon yadda aka ba ni. Na ƙara da cewa ni ban taɓa ganin na Damagaram ɗin da idona ba, ba zan ce masa e ko a'a ba. Ya gyaɗa kai kawai. Ranar Lahadi ta zagayo, na shiga kasuwa sayen iri, sai ga shi yana fitowa daga kara, inda ake cinikin shanu, igiya a hannu. Ya yi ta maza yana murmushi, ya ce, "An rabu lafiya, Malam." Idonsa kuwa ja wur.

Ba a yi mako ba ya dawo da injin a bayan akori-kura. Gari ya fito kallo. Ja ne, yana ƙyalli, ana murɗa shi ya tashi. Ni kaina na yaba. Ya gwada shi a wani fili da ba a shuka ba, ya farfasa ƙasar nan lugui-lugui kafin a ce me. Inna Hajara, wata gwauruwa da ta fi kowa kai harawa, ita kaɗai ta tsaya gefe tana taɓe baki. Ta ce, "Sule, shi wannan me yake ci?" Ya ce, "Mai." Ta ce, "To ni ba na noman mai." Aka kwashe da dariya, har da shi. Ya ce ta kwantar da hankalinta, duk wanda Goje da Fari suka ci harawarsa bana, man a wuyansa yake.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero da dawa suka tasa, lokacin tayar da kunya ya yi. A gonar Inna Hajara ya ce zai fara, don ya rufe mata baki, ya kuma aiko a kira ni in shaida. Yana saka injin a tsakanin layi, tayar dama ta hau kan gero, ta hagu ta hau kan dawa. Ya ja baya ya sake saiti. Haka dai. Bai yi nisa ba ya kashe injin, muka tsaya muna kallon shukar da ya kwantar. Ina durƙusawa na ga inda matsalar take.

A can ƙetare gonaki faɗi gare su, ga yashi, ana shuka gero a shimfiɗe da tazara mai yawa. Injin don irin wannan ƙasa aka shigo da shi: tayoyinsa a buɗe suke, a kafe, ba sa matsowa, garmar da ke bayansa kuma ta fasa ƙasa ce, ba ta tayar da kunya ba. Mu kuwa a nan layi a matse yake, gero nan, dawa nan, wake na jiran a cusa shi a tsakani. Wanda ake sayarwa a Kano da tsada, tayoyinsa ana matso su, kuma da garmar huɗa yake zuwa. Ashe arahar da aka yi ta yi masa kwaɗayi da ita, kayan da babu ne.

Mun yi iya ƙoƙarinmu. Muka kai shi wajen mai walda a Ɗambatta, ya ce in ya yanke ƙarfen tayoyin injin zai riƙa kifewa. Aka aika Kano neman garmar, ta zo ramukan ƙusarta ba su dace ba. Aka yi waya Damagaram, mai shagon ya ce shi abin da aka nuna aka ce ana so ya sayar. Gaskiyarsa ce kuma. Duk wannan ana yi ruwa bai tsaya jiran kowa ba. Masu hali suka ɗauko shanu haya daga wasu garuruwa. Marasa hali suka koma fartanya da garmar hannu, wasu gonakin ciyawa ta riga su. Inna Hajara dai ta daina bi ta ƙofar gidan Malam Sule, shi kuma wannan ya fi zagi yi masa ciwo.

Ana cikin haka aiki ya kai ni wani ƙauye wajen Bici, sai na hango wani bijimi a ƙarƙashin karkiya tare da wani baƙon bijimi, ana ta zabga masa bulala yana turjewa. Ƙahonsa na hagu a karkace. Goje ne. Na yi ta shawara da zuciyata ko in faɗa ko in yi shiru, daga baya na faɗa. Malam Sule ko hula bai tsaya nema ba ya haye bayan babur ɗina.

Muka tarar da mai shi, wani Alhaji Bala, a gona. Malam Sule ya tsaya a bakin kunya ya yi wani ɗan sauti da harshe. Goje ya ɗago kai ya juyo, har yana jan ɗan'uwan aikinsa. Alhaji Bala mutumin kirki ne, ya saurare mu, amma ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Tsakiyar damina ce, in na ba ka shi da me zan ƙarasa?" Da aka tambaye shi labarin Fari, ya ce a kasuwa aka raba su, ya ji an ce mahauta ne suka ɗauka.

Na zaci Malam Sule zai yi roƙo. Bai yi ba. Ya shafa wuyan san, ya ce, "To Alhaji, abu ɗaya. A dama kuka saka shi, shi kuwa ɗan hagu ne, tun yana ƙarami a hagu yake ja. Ku mayar da shi, ku ajiye bulalar, ba ya buƙatarta." Aka kwance aka sauya. Goje ya miƙe kunya ɗoɗar kamar an ja zare. Malam Sule ya kalla har suka kai ƙarshen gona, sannan ya ce, "Malam, mu tafi."

Injin yana nan, an cire masa tayoyi an mayar da shi na niƙa, Malam Sule yana ɗan samu da shi. Amma huɗa ta bar gidansa, al'adar kai harawa ta mutu a garin, yanzu kowa da kuɗinsa yake neman shanu. Abin yana ƙona mini rai har yanzu, domin mutum ne da bai nemi komai ba sai ya huta wa gwiwarsa ya kuma cika alkawarin maƙwabta.

Shi ya sa in manomi ya ce muku ya ji ana araha a ƙetare, kada ku tsaya a lissafin canji. Ku tambaya don wace ƙasa aka ƙera abin, ku je gonarsa ku auna tsakanin layi da layi, ku kuma tambayi su wa ke jiransa in ruwa ya sauka. Da kakar waccan shekarar na bi ta gidan Malam Sule, na tarar ya tara harawarsa a kan rumfa kamar yadda ya saba, a saman turke biyu da babu komai a kansu. Na ce, "Baba, wa zai ci?" Ya ce, "Ta Inna Hajara ce. Tata suka ci, ban yi mata huɗa ba."