Ramar da na yi rainonta a Catford

Ni 'yar manomi ce, kuma a wancan lokacin gani nake babu ganyen da zai ɓoye mini. Shekarata ashirin da biyu, mijina yana karatun injiniya a Landan da tallafin gwamnati, zamanin da arzikin fetur ya sa ake ta tura samari waje. Muna haya a saman wani gida a unguwar Catford, ina ɗauke da cikin fari, ba abin da raina ke so sai kwaɗon rama. Wallahi har mafarkinsa nake yi.

A ƙasan benen akwai wani Bature mai dogon gashi. Wata rana na leƙa ta taga na hango tukwanen shuka a bayan gida, ganyen a rarrabe kamar yatsu, na ce kai, ga rama! Na sauka da guntun Turancina na roƙe shi. Ya yi dariya ya ba ni tukunya ɗaya, yana ta bayani wai daga duwatsun Afganistan ya taho da irin, gajere ne, yana jure sanyi, yana nuna da wuri, ba kamar dogayen na ƙasashen zafi ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne rama ta kai har can.

Alamu kam sun nuna, ni ce na ƙi gani. Ramarmu miƙewa take yi, wannan kuwa ta yi cunkus, ko ƙuguna ba ta kai ba. Ganyenta fato-fato, korensa har ya yi duhu, tohonta na danƙo a hannu, ga wari ya cika ɗaki. Na tauna, babu tsami ko kaɗan. Mijina ɗan birni ne, bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya ce shi fa bai yarda da shukar nan ba, in mayar wa mai ita. Na ce ya tsaya ga littattafansa, ƙasar Turawa ce ta sauya ta, ba shi zai koya mini ganye ba.

Matar da ke da gidan ce ta ji warin ta kira 'yan sanda. Suka zo wata Asabar da azahar, a bakinsu na fara jin cewa wiwi nake ba wa ruwa kullum. Baturen tuni ya tashi. Da suka tambayi mai shukar, mijina ya dubi cikina, ya ce tasa ce. Kotu ta ci shi tara, labari ya kai gida, aka janye tallafin saura wata huɗu ya gama. Muka dawo hannu wofi, ya yi aiki har ritaya a ƙarƙashin waɗanda suka tafi bayansa.

Bai taɓa goranta mini ba, kuma ya hana ni faɗa wa kowa. Na koyi cewa sanin gida ba ya isar mutum a ƙasar wasu. 'Yan uwana mata, in an ce ku tsaya ku tambaya, ku tambaya, girman kai ne ya kai ni. Bara Allah ya yi masa rasuwa, danginsa har yau suna ƙus-ƙus wai shaye-shaye ne ya kore shi daga Ingila. To, su karanta su ji: bawan Allahn nan ko sigari bai taɓa sawa a baki ba. Ni ce.