Baba Kaleb da Guntun Igiyar Gidan Marwa

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan Baba Kaleb a Korgom da sassafe ya san abin da zai tarar. Dattijon na zaune bisa kututture a gindin bedi, igiya naɗe a damansa, yana jan ta gaba ɗaya-ɗaya yana tarawa a hagu. Ya murza, ya buɗe tufkar da babban yatsa, ya leƙa ciki, wani wurin har ya shinshina. Gaba arba'in ce igiyar, kuma ko taƙi ɗaya ba ya tsallakewa. Kunun da matarsa Lidiya ta ajiye masa sai ya yi sanyi ƙalau kafin ya waiwaye shi. Ko ranar da babu aiki haka yake yi. Sha'aibu mai shayi ya tsokane shi har ya gaji, yakan ce ko mai sayen raƙumi a kasuwar Mayahi ba ya wannan dube-dube. Shi dai sai ya yi murmushi ya ci gaba da abinsa.

Yasar rijiya ce sana'arsa, shekara talatin da takwas, sai watan jiya ya ajiye ta saboda gwiwa ta ƙi. Rijiyoyin ƙasarmu ba na wasa ba ne, daga ƙasa mutum kan hango sama kamar faifai. Rairayi ya zuba, guga ya tsinke, akuya ta faɗa ta ruɓe, gari ya kwana da ƙishirwa. Mu masu shan ruwan sai mu tsaya a baki muna ba da shawara, ai mun iya wannan. Shi ne mai shiga. Yakan fara zura fitila, in ta mutu ya san iskar ciki ba ta da kyau, a yi ta zura ganye ana ɗagowa har ta gyaru. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sunkuyar da kai ya yi addu'a, ya sauka da guntuwar fartanya.

Sana'ar tana da doka guda wadda ko mai gari ba ya sa baki a cikinta: wanda zai shiga shi ke zaɓen mai riƙe masa igiya. Mutum goma na iya jeruwa a baya suna ja, amma hannun farko, wanda ke daidai bakin rijiya, shi ke jin motsin na ciki. Fizga ɗaya, dakata. Biyu, ja guga. Uku, fitar da ni. Ran mutum a tafin wannan hannun yake.

Daga Mayahi zuwa Bawdeta da wuya a sami ƙauyen da bai sha ruwan hannunsa ba, kuma bai taɓa tambayar rijiyar ta Musulmi ce ko ta Kirista, ta Fulani ko ta Buzaye ba. A wani ƙauye gabas da Tasawa akwai magidanci mai suna Zubairu, wanda ya shiga neman gugansa iska ta buge shi ya suma a ƙasa. Kaleb ya ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle ya bi shi. Igiya ɗaya ce, ba ta ɗaukar mutum biyu, sai ya kwance ta daga ƙugunsa ya ɗaura wa Zubairu, ya fizga sau uku, shi kuwa ya tsaya cikin duhun yana jira a dawo masa da ita. Yau 'ya'yan Zubairu biyar, kuma har gobe yana ba da labarin.

Baba Kaleb, kai ne mai shiga inda maza ke leƙawa su ja da baya. Kai ne wanda mata ke wa guɗa tun daga nesa in sun hango moto ɗauke da naɗin igiya.

Da jinjinar maroƙa nake yi, da nan zan tsaya. Amma shi da kansa ya ce in dai zan rubuta, kada in bar zancen Gidan Marwa, don a cewarsa can ne aka sake haihuwarsa.

Gidan Marwa ƙauye ne tsakanin Korgom da Bawdeta, kuma can ne garin Ƙadri, amininsa tun suna samari, wanda ya riƙe masa igiya shekara da shekaru. A shekarar 2004 rijiyar garin ta cushe. Ranar aikin masassara ta kwantar da Kaleb, sai ya tura ƙanensa Filibus, ya ba shi igiyarsa ta kaba. Filibus na tsakiyar sauka, igiya a hannun Ƙadri, wani ya yi wa Ƙadri sallama, ya waiwaya ya amsa, igiya ta ɗan zame, ya cafke ta, sai ta tsinke. Filibus bai fito da rai ba.

Da labari ya kai masa, Kaleb ya taso da masassararsa ya iso, ya tarar da guntun igiyar yashe a ƙasa. Ya ɗauka, ya buɗe tufkar, ya ga abin da ya riga ya sani: gara ta cinye cikinta tun tana rataye a rumbu. Ya gani tun kafin ranar, ya ce a ransa za ta ƙara rijiya ɗaya. Ya cusa guntun cikin aljihu kafin kowa ya lura, ya dubi Ƙadri a gaban jama'a ya ce igiyarsa ba ta tsinkewa a hannun mai hankali.

Wannan magana ita ta kashe Ƙadri a tsaye. Babu wanda ya ƙara ba shi igiya. Aka laƙaba masa suna Saki-igiya, har in ya zo kama wa wani ɗaurin jaki sai a ce ya bari, an gode. Ya daina zama a dandali, ya koma saran itace. Rijiyar kuwa aka gitta mata itatuwa aka jibga ƙaya, da yake ba a jima ba aka yi wa garin foraj, wato rijiyar burtsatse mai inji.

Kaleb ya ci gaba da aikinsa, sunansa na ƙara tafiya, yabo na ta zuwa. Ran Lahadi yana sahun gaba a 'yar majami'arsu ta laka mai rufin kwano, yana waƙa da kowa. Lidiya ce kaɗai ta lura cewa in an zo Addu'ar Ubangiji, daidai wurin da ake roƙon gafara gwargwadon yadda mutum ya yafe wa wasu, sai mijinta ya rufe baki, ya jira a wuce, sannan ya kama. Ranar cin Jibin Ubangiji kuwa kullum sai aiki ya taso masa a wani gari. Ta ɗauka fushin Ƙadri ne. Ba ta san akwai guntun igiya a ƙasan akwatinsa ba, sai ranar da take neman takardar haihuwar 'yarsu Ƙauna ta ci karo da shi. Lidiya 'yar mai tufka ce, kallo ɗaya ta yi masa ta gane. Ta mayar da shi inda yake, ta ci gaba da yi wa mijinta addu'a.

Shekara goma sha biyar aka yi a haka. A bazarar 2019 injin foraj ɗin Gidan Marwa ya mutu, masu gyara suka ce sai an aiko da wani ƙarfe daga nesa. Mata suka koma tafiyar kilomita bakwai da jarka, dabbobi suka fara faɗuwa. Mai gari Ilyasu ya hau amalanke ya zo Korgom da kansa, ya ce ya san abin da yake roƙo yana da nauyi, amma tsohuwar rijiyar nan babu mai iya ta sai Kaleb. Kaleb ya ce gwiwarsa na ciwo, ya raka baƙo har bakin hanya.

Makon Ista ne. Da ya dawo cikin gida Lidiya ta ajiye tankaɗen da take yi, ta shiga ɗaki, ta fito da guntun igiyar ta ɗora masa a cinya.

"Baban Ƙauna, Filibus ya tahi wurin Ubangiji, shi ya huta. Ƙadri kau kai ka rufe shi da ranshi. Har yaushe?"

Kaleb ya ɗauki guntun ya cusa a aljihu. Ya yi kwana biyu abinci ba ya wuce masa. Ran Lahadi mai bishararsu, Matthieu, ya yi magana a kan dutsen da aka mirgine daga bakin kabari, ya ce wanda Almasihu ya yafe wa ba shi da sauran dalilin gadin tsohon kabarinsa. Kafin a rufe sujada Kaleb ya miƙe. Mutum ashirin da 'yan kai ne a ɗakin, duk sun san shi tun yana saurayi. Ya ɗaga guntun igiyar ya faɗi komai, bai rage ba, bai yi wa kansa kwaskwarima ba. Matar marigayi Filibus, Miriyam, tana nan zaune. Ta yi kuka mai yawa, sannan ta taso ta kama hannunsa ta ce ta yafe, amma akwai wanda ya fi ta haƙƙi, kuma ba ya cikin ɗakin nan.

Litinin da hantsi ya isa Gidan Marwa. Aka janye ƙaya, aka zura fitila, aka yi ta fifita da ganye har ta daina mutuwa. Gari duk ya hallara. Majiya ƙarfi suka jeru, kowa na gyara tsayuwa ko shi za a zaɓa. Kaleb ya ɗaura sabuwar igiya a ƙugu, ya ɗaga kai yana neman wani. Can bayan taro ya hango shi, ya rame, furfura ta cika masa kai, gatari a kafaɗa.

"Ƙadri, taho ka riƙa mini igiya."

Wani ya yi 'yar dariya, ya zaci ba'a ce. Mai gari ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna doka, ya haɗiye. Ƙadri bai motsa ba.

Kaleb ya fito da guntun daga aljihu, ya warware tufkar, ya miƙa wa mai gari, ya ce a zagaya da shi kowa ya gani da idonsa. Sannan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Jama'a, igiyag ga gara ta ci ta tun tana rumbuna, kuma na sani na ba ƙanena. Ni na kashe Filibus da sakacina, na aza ma bawan Allah wanga. Ƙadri, na ci amanarka shekara sha biyar. In ka yahe mini, ka yahe. In ba ka yahe ba, duk da haka hannunka nika so bisa igiyata."

Ƙadri ya sauke gatarin a hankali. Ya ratso taro, mutanen da suka yi shekaru suna kiransa Saki-igiya suna darewa suna sunkuyar da kai. Ya karɓi guntun ya daɗe yana dubawa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce shi duk shekarun nan ya yarda shi ne ya yi kisan, ko a mafarki sallamar nan yake amsawa. Sai ya goge tafinsa da ƙasa, ya kama sabuwar igiyar, ya kafa ƙafa a bakin rijiya.

"Bismillah. Sauka, abokina. Ko hannun ya hita, ba ni saki."

Kwana uku suka yi. Kaleb na ƙasa, a daidai wurin da ƙanensa ya faɗi, yana cika guga da rairayi yana rera waƙar Ista, muryar na fitowa sama kamar daga cikin tulu. Ƙadri na sama, ana yi masa magana ba ya ko ƙifta ido, tafinsa ya yi bororo ya fashe, aka ce a karɓe shi ya ƙi. Rana ta uku da la'asar guga ya fito da ruwa garau. Guɗar da matan Gidan Marwa suka yi ran nan, masu kiwo sun ce sun ji ta daga daji. Da aka jawo Kaleb, kafin ma a kwance masa igiya mutanen biyu suka rungume juna, laka ta ɓata su duka. Mai gari ya yi shela a wurin cewa duk wanda ya sake furta tsohon sunan nan zai gamu da shi. Guntun igiyar kuwa su biyun suka kai shi maƙabarta suka binne kusa da Filibus.

Shekara shida da suka biyo baya, duk rijiyar da Kaleb ya shiga Ƙadri ne a bakinta. Ɗaya ya yi addu'arsa da sunan Yesu, ɗaya ya yi bismillarsa, su kama aiki. Ranar da ya ajiye sana'ar, a watan jiya, aka yi taron godiya, majami'a ba ta ɗauki mutane ba, sai da aka shimfiɗa tabarmi a waje, kuma rabin masu zaman da carbi a hannu suka zo. Ƙadri ne ya zauna a damansa.

Baba Kaleb, rijiyoyin da ka yashe sun fi a ƙirga, amma ni wadda ta fi girgiza ni ita ce wadda ka buɗe da bakinka a gaban garin da ke ganin girmanka. Babu wanda ya kama ka. Da ka yi shiru, da yau ma jinjinar za mu yi maka, ba mu san komai ba. Ka zaɓi ka zubar da girman ka ɗauki gaskiya, Allah kuwa ya mayar maka da wanda ya fi shi. Mun gode, mu da muka sha ruwanka, da Zubairu da 'ya'yansa, da Ƙadri da ya koma zama a dandali. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya ja kwana.

Mu kuma da muke karatu, kowa ya san abin da ke ƙasan akwatinsa, ya kuma san wanda ake zargi a madadinsa. Ya fito da shi tun mai haƙƙin na da rai.

Na tambayi Lidiya wace rana ce ta fi yi mata daɗi a duk shekarun nan, ina zaton za ta ce ranar da ruwa ya fito. Ta ce a'a, Lahadin da ta biyo baya ce. An zo wurin nan na roƙon gafara a Addu'ar Ubangiji, ta saurara kamar yadda ta saba don ta ji shirunsa, sai ta ji muryar mijinta ta danne ta kowa, har mai bishara ya buɗe ido ya duba.