Baƙon da ya san ranar tafiyata

Jama'a, ku ji abin da ya same ni yau a tasha!

Ina jiran mashin zuwa Randagi, sai wani mutum da ban taɓa gani ba ya ce, "Maman Hafsa, ashe yau ɗin ce tafiyar?"

Na ce, "Malam, ina ka san ni?"

Ya ciro waya. Ga hotona, ga ƙofar gidanmu, ga buhunan masararmu! Ashe ƙanwata Rabi ce ta ɗora a shafinta, har da ranar tafiyata.

Na fasa tafiyar, na wuce gidanta. Ta ce, "Yaya, abokaina kaɗai ke gani."

Na ce, "Mutumin tasha ma abokinki ne? Goge!"

Wallahi ban tashi ba sai da ta goge komai a gabana.