Allurar Hansatu ta Biyu

Har gobe ina tuna Juma'ar da na bar bakin aikina ba izini na hau motar kasuwa zuwa Darki. Ku da kuka shigo aikin jinya yanzu kuna jin ana cewa Hajiya Rabi ba ta jin magana. To ga inda sunan ya samo asali, kuma ba afuwa na zo nema ba.

Lokacin kuɗin fetur ya fara malalowa. Ɗan ƙaramin asibitin da nake aiki a ƙasar Wudil ya sha sabon fenti, an kawo gadajen ƙarfe har da motar ɗaukar marasa lafiya, wadda ta fi sanin hanyar gidan biki a kan ta ƙauye. Ni ƙaramar ma'aikaciyar jinya ce a ƙarƙashin Malam Sabo, wanda muke kira Incaji, wato shugaban wurin, tunda ba mu da likita. Ƙa'idarmu ita ce ciwon da ya fi ƙarfinmu a tura shi Kano, in an sallamo mutum mu ci gaba da sa masa ido.

Wata safiya wata tsohuwa, Iya Gambo, ta kawo jikarta Hansatu, 'yar kimanin shekara bakwai. Muƙamuƙinta na dama ya kumbura har ya danne ido, haƙora suna girgiɗi. Sun fara zuwa wurin wanzami don a yi sakiya, shi kuwa da ya latsa ya ji ba ruwa a ciki sai ya ce wannan ba aikinsa ba ne, Allah ya saka masa da alheri. Malam Sabo yana gani ya ce dajin muƙamuƙi ne na yara, ya tura su Kano. Can aka yi mata allura ta jijiya, kafin ka ce me kumburi ya saɓe, fuska ta dawo. Likita ya sallame su da sharaɗin a dawo da ita don sauran allurai.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aiki ba bayani, ko da yake mu ma a lokacin rabinsa muka sani, sauran sai daga baya masu bincike suka gano. Jiki tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace tana ɗauke da umarnin gado. Akwai wasu sinadarai da aikinsu su hau kan umarnin nan su ce a karanta wannan, a bar wancan. Ɗaya daga cikinsu shi ne mai cewa ƙwaya ta girma ta rabu biyu, kamar makaɗin gayya: in ya kaɗa a duƙa, in ya tsaya a huta. A wannan ciwon, gurbin umarnin da ke samar da shi yana ɓallewa daga mazauninsa ya manne a wani sashe da kullum yake buɗe, sai kiɗa ya ƙi tsayawa. Allura tana kashe mafi yawan ƙwayoyin da ke rabuwa. 'Yan kaɗan ɗin da suka tsira kuwa har yanzu kiɗan suke ji, shi ya sa ba a tsayawa a allura ɗaya.

Ranar komawa ta zo ta wuce, ba Hansatu ba labarinta. Ran kasuwa na tambayi mutanen Darki, suka ce ai ubanta Malam Ilu har rago ya yanka na godiya, kuma ya ce ba mai sake kai masa 'ya inda aka sa ta amai gashinta ya zube. Na je wurin Malam Sabo na roƙi mota. Ya ce ya san gaskiya nake faɗi, amma ba ma bin mara lafiya gida, kuma asibiti cike yake. Na ce motar fa? Ya ce ta fita. Na ɗauki mayafina, ya ce in na ƙetare ƙofar nan in kuka da kaina.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka fara rubuta takardar tuhumar, in na dawo na sa hannu."

A gidan, bayan doguwar gaisuwa, na buɗe bakin yarinyar na ga dasashi ya fara tasowa ta can ciki. Iya Gambo ta ce sabon haƙori ne. Malam Ilu ya ce wadda Allah ya warkar, ni ce zan ce ba ta warke ba? Na gaya masa ƙiri-ƙiri in aka bar ta ba za ta kai kaka ba. Ransa ya ɓaci, ya ce in kama hanya. Duk abin nan uwarta Larai tana gefe tana daka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Haushinta ya cika ni, na ce a raina wannan wace irin uwa ce.

Zan fita sai ta biyo ni bayan rumbu da kwanon ruwa. Sai a nan na tuna Hansatu 'yar fari ce, a hannun kaka take, kuma kunya ta hana uwa ta kira sunanta, balle ta nuna damuwa a gaban surukai. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Malama, waccan ɗin kullum hannunta a kunci take kwana. Ni ba ni da bakin magana. Don Allah kar ki tafi."

Na koma tsakar gida na zauna a ƙasa da fararen kayana, na ce ba inda za ni sai da yarinyar. Ban ambaci Larai ba, na bar su suka ɗauka rashin kunyata ce kawai. Nan na yi La'asar, aka kawo abinci na ƙi ci. Maƙwabta suka fara leƙe, ana cewa ga ma'aikaciyar gwamnati zaune a ƙasa a gidan Malam Ilu, har mai unguwa ya zo ya ja shi zaure. Da Malam Ilu ya dawo idonsa jajir ya ce, "Ɗauke ta. In ta mutu a can, ke da Allah."

Na ce, "Na ɗauka." Amma ku sani ba ni da tabbacin za ta rayu, don ba kowane yaro allurar ke ceta ba.

Takardar tuhuma kam na sha ta, ƙarin girmana ya makara, Malam Ilu kuma bai sake amsa gaisuwata ba har ya koma ga Allah. Hansatu ta gama allurarta, ta rasa haƙoran gefe ɗaya, amma ta rayu, yanzu har da jikoki.

Abin da na koya shi ne, a ciwon daji ranar da mara lafiya ya ji sauƙi ita ce ranar da za ku fi sa ido. Kuma in kun shiga gida, kada ku yi wa mai shiru hukunci kamar yadda na yi wa Larai. Ku nemi hanyar da za ta yi magana ba tare da kun tona ta ba, in kuwa ba hali, ku ara mata bakinku ku ɗauki baƙin jinin. Ni na ɗauka, kuma ko yau aka sake, a ƙasan nan zan zauna.